AK-47, AKM da danginsu: yadda aka tsara su da abin da ya bambanta su

Tambaya daga wani matashin ɗan jarida a Gusau: "Duk lokacin da 'yan sanda suka baje makaman da aka ƙwato daga hannun 'yan bindiga, sai a ce mana AK-47 kaza, wani lokaci har da AK-49. Amma in ka duba da kyau ba su yi kama da juna ba. Wa ya ƙera wannan bindiga, yaya aka yi ta zama iri-iri, kuma da gaske ne ba ta lalacewa? Mu ma muna ƙera ta a Najeriya?"

Ɗan'uwa, idonka bai yi maka ƙarya ba. Bindigogin da ake jerawa a kan tamfal dangi ɗaya ne, amma ba uwa ɗaya uba ɗaya ba. Ainihin samfurin da Tarayyar Sobiyet ta karɓa a 1949 shi ne mafi ƙaranci a cikinsu. Galibi abin da kake gani AKM ce ta 1959, ko Type 56 ta ƙasar Sin, ko kwafin wata ƙasa ta Gabashin Turai. AK-49 kuwa babu ita a jerin samfuran da Rasha ta fitar, suna ne da ya shiga bakin jami'ai da 'yan jarida a ƙasar nan ya zauna.

Kafin bindiga, harsashi aka fara yi, kuma wanda bai gane wannan ba zai daɗe bai gane AK ba. A Yaƙin Duniya na Biyu sojan Rasha na ƙasa yana riƙe da ɗaya daga cikin abu biyu. Ko dai doguwar bindigar Mosin mai harsashi 7.62×54, wadda ke kai wa nesa amma ɗaya-ɗaya take harbi, ko kuma PPSh-41 mai cin harsashin fistol, wadda ke ɓarin wuta amma bayan mita 200 ƙarfinta ya ƙare. Alhali mafi yawan artabu ana yin sa ne a tazarar da ba ta wuce mita 300 zuwa 400 ba. Jamusawa suka riga kowa toshe wannan giɓi da gajeren harsashi 7.92×33 da bindigar da daga baya aka kira StG 44. Da Rashawa suka kama samfurinta na farko a fagen daga, sai hukumar makamansu ta zauna a watan Yulin 1943 ta ba da umarnin a yi musu irin wannan matsakaicin harsashi. Injiniyoyi Elizarov da Semin suka jagoranci aikin. Da farko tsawon kwanson, wato ɓawon ƙarfen da ke ɗauke da albarushi, milimita 41 ne, daga baya aka rage shi zuwa 39. Shi ne 7.62×39 da kake gani ana ƙirgawa a gaban manema labarai: lambar farko faɗin ramin bututu ce, ta biyu tsawon kwanso. Kan harsashin ya kusa giram 8, yana fita da gudun mita 715 a daƙiƙa, ƙarfinsa ya ɗan haura rabin na Mosin. Wannan ragin ƙarfi shi ya sa mutum ɗaya zai iya sakin wuta a jere bindiga ba ta ƙwace masa ba.

Akwai wani abu a jikin kwanson da ya kamata ka lura da shi. Gindinsa ya fi kafaɗarsa faɗi sosai, wato yana tsukewa yayin da ya nufi sama. Kwanso mai irin wannan siffa, da zarar an ɗan motsa shi baya ya saki bangon mazauninsa gaba ɗaya, ko da akwai datti. Shi ne kuma dalilin lanƙwasar magazin: in ka jera harsasai 30 masu faɗin gindi da tsukakkiyar kafaɗa, dole layin ya tanƙware. Ba don ado aka yi ba.

Mikhail Kalashnikov, wanda aka haifa a 1919 ya mutu a 2013, sajan ne a rundunar tankokin yaƙi. An ji masa rauni a Bryansk a watan Oktoban 1941, daga nan ya koma harkar zanen makamai. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne wai shi kaɗai ya zauna a gadon asibiti ya fito da AK. Ba haka abin yake ba. Wanda ke kan gaba a 1944 Alexei Sudayev ne da bindigarsa AS-44, amma ta yi nauyi, shi kuma ya mutu a 1946 kafin ya gama gyara ta. A gasar da aka buɗe a 1946, samfurin Kalashnikov na farko bai burge alƙalai sosai ba. A masana'antar Kovrov, shi da wani injiniya mai suna Alexander Zaitsev suka rushe zanen suka sake shi a 1947, suna ɗiban abin da ya yi aiki a hannun wasu. Haɗe fistin, wato sandar da iskar harbi ke turawa, da abin da ke ɗauke da sakata, wato ƙarfen da ke toshe bayan bututu, su zama ƙarfe ɗaya, akwai shi a bindigar abokin takararsa Bulkin. Barin sarari tsakanin sassa dabarar Sudayev ce. Sakata mai juyawa da haƙora biyu ta yi kama da ta M1 Garand ta Amurka. Faffaɗan marfin tsaro na gefen dama, wanda ke toshe tsagar da ƙura za ta shiga, ya yi kama da na wata tsohuwar bindigar farauta ta Remington. A tsarin Sobiyet wannan ba sata ba ce, zane na gwamnati ne, kuma alƙalai da kansu suke cewa wane ya duba abin da wane ya yi. Gwanintar Kalashnikov tana wajen zaɓe da haɗawa, da jin maganar sojan da zai riƙe abin.

Za ka kuma ji ana cewa kwafin StG 44 ce. Daga nesa sun yi kama, kuma tunanin matsakaicin harsashi daga can ya zo. Amma cikinsu daban ne. Sakatar ta Jamus karkacewa take yi ta kulle, ta AK juyawa take. Hugo Schmeisser, wanda ya tsara ta Jamus ɗin, an kai shi garin Izhevsk na Rasha a 1946 ya zauna har 1952, shi kuwa zanen AK a Kovrov aka yi shi.

A gwajin ƙarshe, daga ƙarshen 1947 zuwa farkon 1948, an jiƙa bindigogin, an bi da su cikin yashi da taɓo, an jefo su ƙasa. Babu ko ɗaya cikin ukun da suka rage, ta Kalashnikov da ta Bulkin da ta Dementiev, da ta cika sharaɗin daidaiton saiti in ana harbi a jere. Hukumar ta yanke cewa gara wadda ba ta tsayawa, saiti a gyara shi a hankali. Wannan hukunci shi ne halin dangin AK har yau. A 1948 aka ƙera guda 1,500 a Izhevsk don sojoji su gwada, a 1949 aka karɓe ta.

Ga yadda take aiki, daki-daki. In aka ja kunama, guduma ta bugi allura, allura ta bugi gindin harsashi, albarushi ya kama. Kan harsashi yana tafiya cikin bututu mai tsawon milimita 415, wanda aka yi wa tsaga huɗu masu murɗawa dama don su sa shi juyi. Kafin ya fita, zai wuce wani ɗan rami a saman bututun. Wani kaso na iskar da ke tura shi sai ya bi ramin ya hau sama ya daki kan fistin. Fistin ɗin a haɗe yake da ƙarfen da ke ɗauke da sakata, wato abin da ke toshe bayan bututu lokacin harbi. Wannan ƙarfe zai fara ja da baya na 'yan milimitoci shi kaɗai, sakata tana nan a kulle, kuma a wannan ɗan lokaci ne harsashi ke fita matsin iska ya sauka. Sannan wata karkatacciyar tsaga a cikinsa ta murɗa sakata, haƙoranta biyu su fita daga gurbinsu, ta fizgo kwanso, wani tsini da ke jikin gangar, wato akwatin ƙarfen bindigar, ya buge shi ya yi waje ta dama. Sifirin ya dawo da komai gaba, sakata ta kwaso sabon harsashi daga magazin ta kulle. Sau goma ke nan a daƙiƙa ɗaya, kimanin 600 a minti.

To ina sirrin rashin tsayawa? Abu huɗu ne suka taru. Na farko nauyi: fistin da maɗaukin sakata da sakatar sun kusa rabin kilo, kuma maɗaukin ya ninka sakatar nauyi sau da yawa. Tun da ya riga ya ɗauki gudu kafin ya taɓa ta, fizga yake yi, ba lallashi ba. Na biyu, iskar da ake ba fistin ta fi abin da ake buƙata in bindiga tana da tsabta, an yi rarar ne don ranar da ta cika da ƙura ko sanyi ya daskarar da mai. Na uku sarari. Sassan da ke motsi suna tafiya ne a kan 'yan siraran dogo guda biyu, sauran cikin gangar fili ne, yashi yana da inda zai faɗa. Kamar ƙofar katako ce: wadda kafinta ya matse ta tsam a jikin firam, da damina ta sauka sai ta kumbura ta ƙi buɗuwa, wadda aka bar wa ɗan sarari kuwa rani da damina tana aiki. Amma kada ka ɗauka sassauci sakaci ne. Tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi ana auna ta ne da ƙasa da kaurin gashi, nan babu wasa. An sassauta inda sassauci ba ya cutarwa, an matse inda rai yake. Na huɗu magazin, wanda mutane ba su cika kulawa da shi ba alhali mafi yawan cijewar bindiga mai sarrafa kanta daga nan take tasowa. Na AK an yi shi da ƙarfe mai kauri, leɓensa ba ya lanƙwashewa da sauƙi. An taɓa gwada na alminiyam don rage nauyi, aka ga yana lotsewa, sai aka koma ga wata roba mai ƙarfi da aka cakuɗa da zaren gilashi, mai launin ruwan goro.

Kowanne daga cikin waɗannan yana da farashi. Rabin kilo na ƙarfe da ke kai da kawowa sau goma a daƙiƙa, yana dukan baya yana dukan gaba, girgiza bindiga yake, shi ya sa harsashi na biyu da na uku ke tashi sama su bar inda aka nufa. Tazarar da ke tsakanin abin saiti na baya da na gaba gajeriya ce, milimita 378. An rubuta mita 800 a ma'aunin AK, 1,000 a na AKM, amma aikinta na gaskiya a mita 300 zuwa 400 yake. Wannan ba yana nufin bayan nan harsashin ya zama banza ba. Littafin koyarwa na sojan Sobiyet ya ce yana iya kisa har mita 1,500, yana kuma iya tafiyar kusan kilomita 3. Shi ya sa in ana harbi a bakin gari sai ka ji ya sami mace a tsakar gidanta, ita da ba ta ma san abin da ake ciki ba. Rufin kwano, ƙofar mota, dangar kara, babu wanda ke tare shi a cikinsu. Harbin sama na murna ma ganganci ne, abin da ya hau zai sauko.

Yanzu sai babban abin da ya raba dangin gida biyu, wato gangar jiki, akwatin ƙarfen da komai ke zaune a ciki. Niyyar farko ita ce a buga ta daga falle na ƙarfe, a lanƙwasa a inji, a haɗa da ƙusoshi da walda, don ta yi arha ta yi sauri. Samfurin 1949 haka aka yi shi. Sai dai masana'antun Sobiyet na lokacin ba su ƙware da wannan aiki ba. Wajen walda dogon ciki da gasa ƙarfe don ya yi tauri, fallen yana murɗewa, ana ta zubar da ganguna da yawa a matsayin marasa kyau. Sai aka koma baya. Daga 1951 aka riƙa ɗaukar curin ƙarfe mai nauyin fiye da kilo biyu ana sassaƙe shi a inji, mataki fiye da ɗari, har ya koma bai kai kilo ɗaya ba. Injinan da ma'aikatan da suka saba da Mosin suna nan, don haka aiki ya tafi. Amma ka duba asarar: fiye da rabin ƙarfen ya tafi a ɓarɓashi, ga lokaci, ga bindiga ta haura kilo 4.

Shekara goma aka yi kafin a shawo kan matsalar. AKM ta 1959, harafin M ɗin yana nufin wadda aka sabunta, ta dawo da gangar falle mai kaurin milimita 1, da tubalan ƙarfe biyu gaba da baya da aka ɗaure da ƙusoshi, na gaban shi ke riƙe bututu kuma a cikinsa sakata ke kullewa. Nauyi ya sauko zuwa kilo 3.1. An miƙar da ƙotar don bugun ya tafi kai tsaye kafaɗa. An ƙara wani ɗan ƙarfe da ke jinkirta guduma na ƙiftawar ido, saboda a gangar da ba ta da nauyi maɗaukin sakata yakan daki gaba ya ɗan yi tsalle baya, in guduma ta faɗa a wannan lokaci harbi ba zai tashi daidai ba. Daga baya aka sa wani ɗan bututu mai yankan gicciye a baki, yana tura iska sama da dama don ya danne tashin da bindigar ke yi. A ganina AKM ce ainihin nasarar, ba AK-47 ba. Ita ce ta sa ƙasar da ba ta da manyan injiniyoyi za ta iya buga dubun dubata, kuma ita ce ta cika duniya. A kan wannan tsari aka gina RPK a 1961, mai dogon bututu milimita 590 da ƙafa biyu da ganga mai kaurin milimita 1.5, tana cin magazin 40 ko mai zagaye na 75. Sojan da ya iya ɗaya ya iya ɗayar, kuma nan ne ma'anar dangi take ga rundunar soja: horo ɗaya, harsashi ɗaya, kayan gyara kusan ɗaya.

Ka kwatanta da abin da ya sami Amurka, don ka ga yadda ƙaramin canji ke kashe mutane. Eugene Stoner ya tsara AR-15 wadda ta zama M16, mara nauyi, mai daidaiton saiti, tana kai iskar harbi ta wani siririn bututu har cikin gangar jiki. An gwada ta da wani nau'in albarushi, amma da aka zo ƙerawa da yawa sai aka canza zuwa wani nau'in mai barin datti, wanda ya kuma ƙara mata gudu har kusan 1,000 a minti. Ba a shafa wa mazaunin harsashi kurom, wani ƙarfe mai hana tsatsa, ba, ba a raba kayan goge-goge isassu ba, har aka bar sojoji da tunanin ba ta buƙatar wanki. A dazukan Biyetnam masu laima mazaunin ya yi tsatsa, kwanso ya riƙa mannewa, sojoji suna zura sanda ta baki don su fitar da shi ana tsakiyar wuta. Sai da kwamitin majalisar dokokin Amurka ƙarƙashin ɗan majalisa Ichord ya bincika a 1967, aka shafa kurom, aka ƙara nauyin abin da ke rage gudun sakata, aka raba kayan wanki. Rashawa tun kafin nan sun shafa kurom a cikin bututu da mazauni, ba don sun fi wayo ba sai don dole: abin kunna harsashinsu yana barin wani gishiri mai jawo laima ya ci ƙarfe.

M16 ɗin ce kuma ta jawo reshe na gaba. Da Rashawa suka ga amfanin ƙaramin harsashi mai gudu, sai suka fito da 5.45×39 da AK-74 a 1974. Kan harsashin giram 3.4 ne, gudunsa kimanin mita 900 a daƙiƙa, harsashi ɗaya gaba ɗayansa ya ɗan haura giram 10 maimakon 16. Soja zai ɗauki adadin da ya saba da ƙarin rabinsa a kan nauyi ɗaya, bugun kafaɗa ya ragu, tafiyar harsashi ta fi miƙewa. A wannan gasa ma akwai bindigar Konstantinov da ta fi daidaiton saiti, amma aka zaɓi ta Kalashnikov saboda kusan rabin sassanta irin na AKM ne, masana'anta da barikin horo ba sai sun fara daga farko ba. Shi kansa Kalashnikov bai so canjin harsashin ba. Daga nan sai gajeriyar AKS-74U a 1979, AK-74M mai baƙar roba a 1991, jerin AK-100 na shekarun 1990 da aka yi don kasuwar waje, ciki har da AK-103 da ta koma tsohon harsashi, sai AK-12 da AK-15 da sojan Rasha ya karɓa a 2018. Fatar tana canzawa, amma fistin da sakatar na 1947 ne.

Yaɗuwar kuwa siyasa ce ta yi ta. Daga tsakiyar shekarun 1950 Mosko ta riƙa bai wa ƙawayenta zane da injina da masu koyarwa. Sin ta fara a 1956, sai Polan, Bulgeriya, Jamus ta Gabas, Romaniya, Hangari, Koriya ta Arewa, Masar. Yugoslabiya ta yi M70 tata, mai kaurin ganga amma ba kurom a bututu, Iraƙi ta ɗauko daga gare ta ta yi Tabuk. Finlan ta yi RK 62, Isra'ila ta gina Galil a kanta, Afirka ta Kudu ta gina R4 a kan Galil. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne dangin sun kai kusan miliyan 100. Har a tutar Mozambik akwai ta.

Ga abin da za ka duba ranar da aka sake kiran ku baje koli, da ido kawai, kada ka sa hannu ko an ce babu harsashi a ciki. Dubi gefen ganga daidai saman inda magazin ke shiga. In ka ga dogon kwarmi mai kusurwa huɗu, tsawon tafin hannu, kuma gefen sumul babu kan ƙusa, wannan sassaƙaƙƙiya ce, tsohon tsari. In ka ga ɗan lotsi kamar an danna da babban yatsa, da kawunan ƙusoshi gaba da baya, ta falle ce, tsarin AKM. Dubi abin saiti na gaba: in zobe ne rufaffe gaba ɗaya, ko akwai tsinin banati a naɗe ƙarƙashin bututu, ta Sin ce, sau da yawa da lamba 66 a cikin alwatika. Kibiya a cikin alwatika masana'antar Izhevsk ce, tauraro ta Tula, duka a Rasha, 10 a cikin da'ira biyu Bulgeriya, 11 a cikin da'ira mai siffar ƙwai Polan. Mariƙin katako da ya sauko daga gaba alamar Romaniya ce. Haruffan da ke gefen marfin tsaro ma suna magana: L da D ko rubutun Sinanci na Sin ne, U da R da J na Yugoslabiya, C da P na Polan. Magazin da bai lanƙwashe sosai ba tare da dogon bututu mai tagogi a baki, AK-74 ke nan. Akwai kuma Vz. 58 ta Cekoslobakiya, wadda ke rikita har jami'ai: harsashinsu ɗaya, siffa ta yi kama, amma ko magazin ɗinsu ba ya shiga na juna.

Batun ba ta lalacewa, ƙari ne. Tana jure wulaƙanci fiye da sauran, amma ƙarfe ce. Tsagar cikin bututu tana cinyewa, ana yawan ambaton harsashi dubu goma zuwa sha biyar a matsayin rayuwarsa, bayan nan harsashi yana fita yana tangal-tangal. Gishirin da na ambata yana cin fistin da bututun iska, ƙusoshin ganga suna saki, katakon gaba yana kama wuta in an yi ta harbi ba hutu. Mafi haɗari ita ce wadda aka harhaɗa daga sassan bindigogi daban-daban, domin sakatar wata ba lallai ta zauna daidai a wata ba, kuma in tazarar nan ta wuce ƙima kwanso yana fashewa a fuskar mai harbi. Sai dai abin baƙin ciki gare mu shi ne, ko tsohuwar da ba ta iya samun abu a mita 200, ta isa ta tarwatsa ƙauye a Maru ko Zurmi ko Danko-Wasagu, ta hana noma, ta kora mutane daji. An tsara ta ne don ɗan ƙauyen da aka ɗauka soja aka ba shi horon 'yan makonni, kuma wannan sauƙin ne ya sa yaro ɗan shekara sha biyar ke rataye da ita a kan babur. Yaƙin da aka ƙera ta dominsa ya ƙare, gwamnatin da ta saye ta ta faɗi, ita tana nan.

A Najeriya, hukumar ƙera makamai ta DICON da ke Kakuri a Kaduna an kafa ta a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. Kafin AK ta mamaye, G3 da FN ne a hannun sojojinmu, masu babban harsashi 7.62×51. A zamanin mulkin Obasanjo na farar hula DICON ta fito da kwafin AK mai suna OBJ-006. Sojoji sun kuma sayi Beryl M762 ta Polan, wadda ita ma 'yar dangi ce, a 2018 aka sa hannu kan yarjejeniyar haɗa ta a nan gida, a 2023 aka sabunta dokar hukumar. Maƙeran gargajiya kuwa suna iya kwaikwayon siffa, wasu har da katako da fenti kamar gaske, amma bututun da zai jure wannan matsi yana buƙatar nau'in ƙarfe da gashi da injin da babu su a maƙera, shi ya sa irin waɗannan ke fashewa a hannun masu su. In aka ce maka AK ƙirar gida, ka rubuta ta a haka, kada ka haɗa ta lissafi da ta masana'anta. A ƙarƙashin dokar makamai ta 1959 wannan aji na bindiga haramtacce ne ga farar hula, kwamishinan 'yan sanda ko gwamna ba su da ikon ba da lasisinta, kuma hukuncin riƙe ta bai gaza ɗaurin shekara goma ba.

Bambance samfuri ba ƙwalisa ba ce a aikinka. Binciken da ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar a 2020 kan makaman da aka kama a Zamfara da Katsina da Kaduna, da irin waɗannan alamomi ya gano cewa wasu daga rumbunan Libiya suka fito, wasu daga Kodebuwa, wasu kuma daga hannun jami'an tsaronmu, an kuma ga waɗanda aka goge lambarsu da gangan. Don haka ka nemi a nuna maka gefen hagu na ganga, inda tambarin masana'anta da shekara da lamba suke, ka ɗauki hoto kusa. In an kankare lambar, ka faɗa a rahotonka. Kada ka manta da harsasan da ke zube a gefe. Bindigar 1975 ba za ta gaya maka yaushe ta shigo daji ba, amma harsashi ƙarewa yake, dole a sake kawo wani, kuma galibi a gindin kwanso akwai lambar masana'anta da lambobi biyu na shekarar da aka yi shi. In shekarar ta kusa ce, to hanyar da ya biyo tana nan a buɗe. Sannan ka tambayi kakakin rundunar ko an shigar da lambobin bindigogin a rajista, da inda za a kai su bayan an naɗe tamfal, ko rumbun 'yan sanda ko cibiyar kula da ƙananan makamai ta ƙasa da aka kafa a 2021, ka kuma adana hotunanka don ka gwada su da na baje koli na gaba.